Haƙorin Yanke Zare

Litinin, 3 ga wata, bakwai da kwata na safe

Jini a buroshi. Na rubuta, tunda an ce in rubuta.

Likitar haƙori ce ta ce in riƙa rubuta ranar da dasashina ya yi jini da ranar da bai yi ba. Ba ni da wani littafi sai na awo, sai na juya shi ta baya, bayan ƙugun mutane da kafaɗunsu. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki, ni ke auna jama'a, sai ga shi ranar Alhamis wata yarinya sa'ar 'yata ta kwantar da ni a kujera tana auna ni. Wani siririn ƙarfe mai zane-zane irin na tef ta riƙa zurawa tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lamba, nas tana rubutawa. Uku, huɗu, huɗu, biyar. Da ta iso haƙoran gaba na ƙasa guda biyu ta ce bakwai, ta ce takwas, ta kuma rage murya. Ni ma haka nake yi in na auna mace na ga abin da ba za ta so ji ba, don haka rage muryar nan bai yi min daɗi ba.

Ta nuna min hoton bakina. Wai datti ne ya daskare a ƙarƙashin dasashi ya zama kamar siminti, dasashin ya kumbura ya saki haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwar kuma yana ta zaizayewa. Za ta kankare shi, rabin baki rana guda, ɗaya rabin bayan mako. Sannan a jira mako biyar ta sake awo. In biyun nan sun kama, su zauna. In ba su kama ba, a cire.

Ta ce, "Mama, wace sana'a kike yi?"

Na ce tela.

"Da me kike yanke zare?"

Na ce da almakashi mana. Ta yi ta kallona ta saman takunkumin fuskarta, har sai da na ce to, wani lokaci dai.

"Daga yau babu wani lokaci," in ji ta. "Ko zare, ko riƙe fil, ko yage leda."

Ba za a cire min ko ɗaya ba. Wannan ba a ce in rubuta ba, ni na ga dama.

Laraba, 5 ga wata, ɗaya da rabi na rana, a shago

Jini, amma kaɗan.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa Mai Guga. Shekara sha tara muna shago ɗaya, ni a keke ita a teburin guga, kuma duk abin da ya shiga kunnenta ya zama aikinta. Tun safe ta ajiye alli kusa da dutsen guga, duk sanda na kai zare baki sai ta ja layi a bango. Kafin azahar layi arba'in da biyu. Na ce ƙarya take, ƙari ta yi. Ta ce, "Uwar ɗakina, ashirin na farko ma ban ƙirga ba, ina jin nauyinki."

Ni ban san ina yi ba. Keke ya tsaya, hannu ya ɗaga riga, baki ya sauko, ƙas, an wuce. Ba na tunaninsa, kamar yadda ba na tunanin ƙifta ido. Wadda ta koya min ɗinki haka take yi, ita kuwa in ta ga kana laluben almakashi a kan ɗan zare sai ta ce ka tashi ka ba mai aiki wuri.

Mai Guga ta fita ta dawo da wani ɗan almakashi, ta zura masa jan kirtani, ta rataya min a wuya. Yanzu ina yawo kamar akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa. Ga kayan makaranta tamanin, riga da wando, da za mu kai ƙarshen wata, kowace riga maɓalli biyar. Ɗauki almakashi, yanke, saki almakashi. Aikin minti goma ya koma sha biyar, kuma raina a ɓace yake.

Alhamis, 6 ga wata, shida na yamma

Jini. Layi sha ɗaya a bango.

Asabar, 8 ga wata, shida na yamma

Jini. Layi uku. Ɗaya ban yarda da shi ba, hamma nake yi.

Lahadi, 9 ga wata, huɗu na yamma

Yaya ta zo. Ita ce babbarmu, ta ba ni shekara takwas, haƙoranta na sama duk na roba ne, in za ta kwanta sai ta jiƙa su a kofi. Malam ne ya gaya mata. Cikin mijin nan nawa ba ya riƙe magana.

Ko mayafi ba ta cire ba ta fara. "Ke yanzu da hankalinki za ki kai bakinki a sa masa inji? Matar mai gidan hayarmu aka yi wa. Lafiya lau ta shiga, ta fito haƙora suna rawa, ga ramuka tsakaninsu kamar taga. Dattin nan da kike rainawa shi ke riƙe da su. Ki bar su, ranar da suka gaji su faɗi da kansu, ki sa irin nawa. Ni me ya same ni?"

Na so in ce rabonta da gatsar karas tun ina goyon autana, amma yayata ce, sai na haɗiye.

Na ce, "Yaya, ranar Talata zan je."

"Taurin kan nan naki, tun kina ƙarama."

"Shi ya kawo ni inda nake."

Malam ya cusa kai cikin jarida yana dariya ƙasa-ƙasa. Da ta tafi na shiga banɗaki na taɓa su da harshe, na dama da na hagu. Suna ɗan motsi, na hagun ya fi. Ina jin tsoro, amma ba tsoron inji ba. Tsoro nake kar a wayi gari Yaya ce ke da gaskiya.

Litinin, 10 ga wata, biyar na yamma

Nas ta kira ta tuna min. In zo da duk maganin da nake sha, in ci abinci kafin in fito domin za a kashe bakin na awa uku ko huɗu, in goge baki kamar kullum. Na zuba ƙwayoyin hawan jini a jaka har da kwalinsu. Na sayi buroshi mai taushi kamar yadda aka ce. Tsohon nawa mai tauri ne, irin wanda zai iya wanke takalmi, don ni a ganina abin da bai karce ba bai wanke ba. Ashe da shi nake ƙara wa dasashin wahala.

Malam ya ce zai kai ni. Na ce ƙafata lafiyarta ƙalau, baki za a taɓa. Ya ce shekara talatin ya yi yana tuƙa manyan mutane, bai taɓa tuƙa wadda aka kashe wa baki ba, kar in hana shi wannan kallon. Na jefe shi da filo. Shi zai kai ni.

Talata, 11 ga wata, uku na rana

An yi ɓangaren dama, sama da ƙasa.

Allurar ce kawai ta yi zafi, ita ma bai wuce sukar fil a yatsa ba. Bayan nan leɓena ya zama na wani. Injin yana da wata ƙara siririya mai shiga kunne, yana fesa ruwa, nas tana zuƙe ruwan da bututu. Da ta gama da inji sai ta ɗauko ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa ta bi saiwar haƙori ɗaya bayan ɗaya, ƙarr, ƙarr. Babu zafi, sai dai kana jin kankarar har tsakiyar kai. Awa ɗaya da kwata ina kallon fitila.

Abu ɗaya zan faɗa, yarinyar nan ta iya aiki. Ba ta gaggawa, ba ta tsallake lungu, in ta gama wuri sai ta koma ta shafa ta ji ko ya yi sumul, yadda nake bin kalmasa da yatsa. Na san hannun mai aiki in na ji shi, ko da a bakina ne.

Ta nuna min abin da ta fitar a kan auduga, baƙi-baƙi kamar ɓarɓashin gawayi. Na ce wannan duk daga bakina? Ta ce rabi ke nan. Kunya ta kama ni, ni da ko zare ɗaya ba na bari a ƙasan shago.

Ga dokoki. Kar in ci komai sai bakin ya farfaɗo, don kar in cije leɓe ban sani ba. Abinci mai laushi kwana biyu, ban da mai zafi, ban da yaji. Daga gobe in riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. In ci gaba da gogewa a hankali ko da ya yi jini. In wani wuri ya kumbura ko ya dame ni in zo, kar in jira ranar da aka ba ni.

A mota Malam ya yi ta jera min tambayoyi da gangan don ya ji yadda nake magana.

Laraba, 12 ga wata, takwas na safe

Zugi kaɗan. Ruwan sanyi ya taɓa haƙorin gaban nan na dama, sai da na dafa bango.

Juma'a, 14 ga wata, sha biyu na rana

Ba zan ɓoye ba. Na daman yana rawa fiye da da. Ga kuma wani ɗan rami baƙi da ya buɗe tsakaninsa da na kusa da shi, iska na shiga in ina magana. Duk abin da Yaya ta faɗa, ga shi nan a madubi.

Na bar keke na tafi asibitin ba tare da an ba ni rana ba. Nas ta ce in zauna, na ce a tsaye zan jira. Da Likita ta fito na ce, "Na kawo miki haƙori yana ɗan motsi, kin mayar min da shi yana rawa. In ni na yi wa rigarki haka, za ki sake kawo min ɗinki?"

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara min haushi ke nan. Ta ce, "Mama, dattin ne ya liƙe su wuri ɗaya kamar an tallafe su, yana kuma cin ƙashin da ke ƙasa. Ramin tun da yana nan, dattin ne ya toshe shi. Yanzu kumburi zai sauka, dasashi ya matse, sai su ƙara ƙarfi. Amma fa sai kin bar su sun huta. Kin daina zaren?"

Na ɗaga mata almakashin wuyana. Ta yi dariya har da dafa ƙofa.

Na dawo ban gama yarda ba. Amma ranar Talata zan koma a yi ɗaya rabin, don ban taɓa barin riga da hannu ɗaya ba.

Talata, 18 ga wata, biyu da rabi na rana

An yi hagu. Ta daɗe a kan na gaban nan, ta ce shi ne mai takwas, in lallaɓa shi kamar jariri.

Yau ta ba ni zare. An raba bakina da zaren da ya sani, an kawo wani an ce kullum in sa. Na murza shi, na ja, na ce wannan ko maɓalli ba zai riƙe ba. Ta ce ba ɗinki aka ce in yi ba. In zura shi tsakanin haƙora, in rungumo kowanne ta gefe, in sauka a hankali har ƙarƙashin dasashi, in hau. Inda ramin ya yi faɗi kuma ga wasu 'yan ƙananan buroshi kamar na wanke kwalba. Sau ɗaya ta nuna min, na karɓa na yi. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya iya da wuri haka ba. Na ce yarinya, zare ne fa.

Alhamis, 20 ga wata, bakwai na safe

Jini kaɗan a hagu. A dama babu.

Asabar, 22 ga wata, bakwai na safe

Babu jini. Na tofa, na sake tofawa, fari tas. Na kira Malam ya zo ya gani, ya ce tunda ya aure ni ba a taɓa gayyatarsa kallon miyau ba. Rabon da in goge baki ban ga ja ba ya kai shekara shida. Ni na ɗauka bakin kowa haka yake.

Lahadi, 23 ga wata, biyar na yamma

Yaya ta kira. "Ya rawar?" Na ce sun gaji sun zauna. Ban yi ƙarya sosai ba.

Talata, 25 ga wata, shida na yamma

Babu jini. Bango ma kwana tara babu sabon layi.

Daga makaranta aka kira, wai kayan da muka yi za a kai ranar Litinin yanzu jibi da safe ake so. Saura riga ashirin da shida ba maɓalli. Zaren da suka kawo na maɓalli mai kauri ne, irin mai roba-roba, wai shi suke so don yara na tsinke maɓalli. Mai Guga ta ce mu roƙi kwana biyu. Na ce ban taɓa roƙon kwana ba, ba kuma a kan rigar yara zan fara ba. Za mu gama.

Laraba, 26 ga wata, biyar da rabi na yamma

Ba abin da ya faru yau. Mun gama kayan.

Alhamis, 27 ga wata, goma na safe

An kai kaya. Babu abin rubutawa.

Juma'a, 28 ga wata, bakwai na safe

Jini. Daga buroshin ne, ina jin ya fara tauri.

Asabar, 29 ga wata, biyu na rana, a shago

Mai Guga ba ta ja layi ba. Ranar Laraba na ga ta ɗauki allin, ta riƙe, ta mayar. Tun ranar ba ta tsokane ni ba, sai sannu take min kamar wadda aka yi wa rasuwa. Yau ta ce, "Ki je ta duba mana." Na ce a duba me? Ta ce to. Na ce wandon da ke hannunta ya kusa ƙonewa.

Kirtanin almakashin ne ya yi tsawo, yana shiga ƙarƙashin ƙafar keke, shi ya sa mutum zai cire ya ajiye a tebur. Ko waye zai cire. Na rage masa tsawo.

Talata, 1 ga sabon wata, bakwai na safe

Babu jini ko'ina sai wuri ɗaya. Ta gefen dama nake tauna. Can ya fi min daɗi, shi ke nan.

Alhamis, 3 ga wata, takwas na safe

Malam ya ce me ya sa nake yayyanka burodi ƙanana kamar zan ba kaji. Na ce haka nake so. Ya kalle ni, ya buɗe baki, ya rufe. Da ya tsokane ni ma da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 6 ga wata, tara na safe

Sau biyu a rana, minti biyu-biyu, zare, ɗan buroshi, ruwan gishiri. Ban tsallake ko sau ɗaya ba, wanda ya isa ya ce na tsallake. Na dama ya tsaya, ko na tura shi da harshe ko gezau. Dasashin ya daina wannan jan mai ƙyalli, ya matse ya rungume haƙora.

Ɗayan ban taɓa shi da harshe ba. Ba na taɓa shi.

Laraba, 9 ga wata, bakwai na safe

Wani ɗan ƙurji ya fito a ƙarƙashinsa. Ruwan gishiri. Ashirin da biyu ga wata aka ba ni, kuma ashirin da biyu zan je. Ba zan je yarinyar nan ta tambaye ni in tsaya ina kame-kame ba.

Asabar, 12 ga wata, huɗu na yamma, a shago

Yaya ta biyo ta shago a rage mata tsawon riga. Ina magana tana kallon bakina, ba fuskata ba. Can ta ce, "Buɗe in gani." Yayata ce, na buɗe.

Ta tafa hannu. "Ba na faɗa ba? Dubi yadda ya karkace, har ya fi 'yan'uwansa tsawo. Yarinyar nan ta kashe miki haƙori da injinta. Wallahi duk wanda na ji zai je wurinta sai na hana shi. Matar ɗana ma Laraba aka ba ta, yanzu zan kira ta ta fasa."

Na karɓi rigar, na sa alli, na ce ta dawo jibi.

Da ta fita shagon ya yi tsit, sai hucin dutsen guga. Mai Guga ta ninke wando ɗaya, ta ninke na biyu, sannan ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Uwar ɗakina, ranar da kika yanka yadin matar alƙali ba daidai ba, ni na ce mu ce yadin ne ya zo a gajarce. Kika kusa korata."

Na ce ta yi aikinta. Ta ce shi take yi.

Lahadi, 13 ga wata, tara na safe

To, bari in rubuta, littafina ne.

Ranar Laraba, ashirin da shida ga watan jiya, wajen ƙarfe huɗu, saura riga uku. Na cire almakashin daga wuyana don kirtanin ya dame ni, na ajiye a teburin yanka, yadi ya rufe shi. Na gama maɓallin ƙarshe na wata riga, na laluba ƙirjina babu komai, hannu ya ɗaga riga, baki ya sauko. Zaren nan mai roba bai yanku ba, sai na fizga yadda na saba. Na ji wani abu ya ce ɗas a ƙasan haƙorin hagu, zafi ya tafi har kunne. Jini ya ɗiga a farar kwala, sai da Mai Guga ta wanke ta da ruwan sanyi.

Ba inji ba ne, ba yarinyar ba ce. Ni ce. An ce in zo in wani abu ya faru, na zauna kwana sha takwas ina kurkurar ruwan gishiri don kar a ce na kasa. Jiya kuma na bar Yaya ta fita da sunan 'yar mutane a baki. Wannan ya fi haƙorin ci min rai.

Gobe zan je. Ba wanda zai kai ni.

Litinin, 14 ga wata, biyar na yamma

Malam ya kai ni.

Kafin in hau kujera na faɗa mata komai a tsaye, rana da lokaci da irin zaren. Na shirya ta yi faɗa, har amsa na tanada. Ba ta yi ba. Ta ce in kwanta.

Ta bi bakin duka da ƙarfen awonta. Uku, biyu, uku, uku. Inda ta ce biyar wancan karon, yau uku. Na dama ya sauko daga bakwai zuwa huɗu, ta tura shi ta ce, "Wannan ya kama." Har ta kira nas ta zo ta ga dasashin da aka kula da shi. Sannan ta zo kan na hagu, ba ta kira lamba ba. Ta ɗauki hoto ta nuna min. Ba abin da ke riƙe da shi sai tsoka, ga mugunya ta taru a ƙasa, in an bar shi zai ci ƙashin na daman da ya samu kansa.

"Mama, tun farko shi ne mai rauni. Ko babu zaren, ba zan rantse miki zai tsaya ba."

Na ce, "Likita, kar ki rage min. Ni na san abin da na ji."

Ta ce to. Na ce ta cire shi yau, kafin ya ja ɗan'uwansa.

Ko minti biyu bai ɗauka ba. Abin da na yi wata ɗaya da rabi ina rantsuwa a kansa, ya fito kamar an zare fil daga ƙyalle. Na ce a ba ni kayana, nas ta wanke ta naɗe min a auduga. Za a yi maganar cike giɓin in wurin ya warke, kuma duk wata uku in dawo a duba sauran.

A mota na kira Yaya da auduga a baki. Na ce, "Yaya, an cire. Ni na fizgi zare da shi, ba aikin likita ba ne. Ki kira matar ɗanki ki ce ta je ranar Laraba." Ta fara "ai ni na faɗa," na ce, "In ba ki kira ba ni zan kira, in kuma gaya mata dalili." Sai ta ce wai me ya sami muryata. Na kashe wayar.

Malam bai yi min tambaya ko ɗaya ba har gida.

Talata, 15 ga wata, takwas na safe, a shago

Na riga Mai Guga zuwa. Na buɗe audugar a bakin taga, inda nake tsayawa in zura allura saboda haske.

Ɗan ƙarami ne, ban zaci haka yake ba. Saiwar doguwa, sumul, ko ɗigon datti babu, yarinyar ta yi aikinta. A bakinsa na sama kuwa, can ta gefe, akwai wata 'yar tsaga siririya mai santsi da ban taɓa lura da ita a madubi ba. Na juya shi, na sake juyawa. Sai na jawo zare daga kan keke na ɗora a ciki. Ya zauna daidai, kamar don shi aka yi wurin.

Duk rigar da ta fita daga shagon nan, ta nan ta bi. Kayan makarantar yarana, rigar da Malam ya sa ranar da ya ajiye aiki, na mutanen da suka rasu da na waɗanda ban ƙara gani ba. Shekara talatin da ɗaya yana min aiki ban taɓa ce masa sannu ba, da aka ce in bar shi ya huta mako biyar na kasa. Ban yi kuka a kujerar likita ba, ban yi a mota ba. A nan na yi, ni kaɗai, har na ji Mai Guga tana taɓa ƙofa.

Ta ga idona, ta ga abin da ke tafin hannuna. Ta jona dutsen guga.

Likita ta ce saura ashirin da bakwai. Na goge su da safe ɗaya bayan ɗaya, na zagaye giɓin a hankali. Waɗannan kam, sai dai a binne ni da su.